Kujerar Baƙo

Auta,

Yau shekara goma sha ɗaya da wata huɗu rabona da gida. Ke kika sa na ƙirga, da kika rubuta a saman wasiƙarki cewa ba ki san ko na ajiye gemu ba. Na ajiye, har ya fara furfura ta gefen hagu.

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara. Ki durƙusa ki gaishe mini da Gwaggo, ki ce na ji labarin gwiwar, Allah ya sawwaƙe. Ni lafiya lau, in ban da bayan nan da ba ya son tsayuwa, aikin kuwa na tsayuwa ne.

Wasiƙarki ta yi kwana ashirin da uku a hanya. Sau uku na karanta, ga abin da na fahimta, in na yi kuskure ki gyara mini. Za a faɗaɗa titin da ya ratsa tsakanin gidanmu da gidan Kafinta, kuma dole a ci gefe ɗaya. Ofishin adana tarihi zai kafa allon tagulla a duk garin da baƙon marubucin nan ya yada zango shekara saba'in da suka wuce, kuma bangon da aka kafa wa allo injiniya ba ya taɓa shi. In allon ya hau bangonmu, titi zai karkata ya cinye gidan Kafinta. In ya hau nasa, mu za a ci. Ofishin ya ce kujerar baƙon da ke rataye a shagon Kaka ba ta isa shaida ba, sai an kawo abin da mutumin ya rubuta da kansa. Babu mai littafin a garin, babu mai jin yaren. Sai aka tuna akwai wani ɗan gidan a ƙasar mutumin, wai yana aiki a laburare.

Ban ce kin yi laifi ba. Amma ki lura, Auta. Da Baffa ya rasu, sai bayan wata biyar na ji, a bakin wani ɗalibi da muka haɗu a tashar jirgin ƙasa. Da kika haifi ta farin, ban ji ba sai da ta fara tafiya. Yanzu da bango ya shiga haɗari, wasiƙa ta gane hanyar ɗakina tsaf. To, ni ma ba gwanin rubutu ba ne, kada in ɗora miki duka.

Na sami littafin. Yana can hawa na biyu a ƙarƙashin ƙasa, katin da ke bayansa ya nuna shekara goma sha tara ba wanda ya are shi. Shafi ɗari huɗu ne, garinmu ya sami tara. Ga abin da kuke nema, na fassara:

"Kwana tara na yi a gidan nan zazzaɓi yana jijjiga ni. Mai gidan ya bar mini gadonsa, ya shimfiɗa buhu a bakin ƙofa. Bai tambayi sunana ba, bai tambayi abin da ke cikin jakata ba. Na kwana a gidajen manya da yawa, amma in aka ce in ambaci mutum ɗaya da ya yi mini alheri ba don komai ba, shi zan ambata."

Na haɗo da hoton shafin, ki kai musu. Abu biyu nake roƙo. Kada a sa ni a cikin maganar ko ta wace hanya. Kada kuma ki tambaye ni sauran shafukan, surutun laka ne da ruwan sama.

Ya Kafinta yake? Gidansa kawai kika ambata, shi ba ki ce komai a kansa ba. Har yanzu yana cije harshe in yana buga ƙusa?

Yayanki

*

Yaya Dogo,

Gaisuwa mai yawa daga ni da mutanen gidan gaba ɗaya. Gwaggo ta amsa, ta ce gwiwa da sauƙi in ba a yi mata maganar matakala ba. Yara lafiya, babbar ta ce in tambaye ka ko gemun ya kai na akuyar maƙwabta. Ni na ce mata ba a yi wa manya haka, amma ka ba ni amsa a ɓoye.

Ƙorafinka na ji, kuma na karɓi rabina. Lokacin rasuwar Baffa na rubuta, adireshin da ka bari ne ya dawo mini da wasiƙar. Ka canja ɗaki ba ka faɗa ba. Sauran rabin ka riƙe abinka.

Yaya, ka fitar da mu kunya. Ranar da takardarka ta iso, a ɗakin malamai na makarantarmu kwamitin da gari ya kafa kan maganar allon ya zauna, ni ce sakatare, ni na karanta. Mai Kemis, wanda shi ne shugaba, sai da ya cire tabarau ya goge ido, ya ce dama shi ya san Mai Sikeli, wato Kaka, ba ƙaramin mutum ba ne, alhali ko shekara biyar bai kai ba lokacin da Kaka ya rasu. Cikin mako biyu ofishin ya amince. Sun aika a zuba allon, maganar baƙon za ta hau kamar yadda ka rubuto, ba a taɓa ko wasali ba. Na faɗa musu ba ka son a ambace ka, Mai Kemis ya ce kunya ce irin ta masu ilimi. Sun sa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: fassarar jikan mai gidan. Kada ka yi fushi, ba suna ba ne.

Ka tambayi Kafinta. Yana nan, yana cije harshen. Ranar Talata injiniyoyi suka zo suka shafa jan fenti a bangonsa, tun daga rumfar aikinsa har ɗakin mahaifiyarsa. Gidan dama ɗaki biyu ne da rumfa, ka san shi, babu abin da zai rage sai bishiyar lemun nan ta baya. An ce za a ba su fili a bayan tashar mota, inda ruwa ke kwanciya.

Abin da ya fi damuna, shi kwamiti ya ba aikin katakon da zai zagaye allon, don babu wanda ya kai shi a garin. Ya tsallako da tef ɗinsa da fensir a kunne ya auna bangonmu, ni ina tsaye na rasa inda zan sa idona. Na ce masa in ba ya so a ba wani. Ya ce aiki aiki ne, Malama. Da zai tafi ya tambaye ni wa ya fassara takardar. Na ce kai. Yana naɗe tef ya ce, "To, in Dogo ne, haka abin yake." Ya ce in gaishe ka.

Gwaggo ce ban gane mata ba. Na zata za ta fi kowa murna, tunda ɗakinta ne ya fi kusa da titi, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga baƙon da idonsu, tana 'yar shekara bakwai. Na karanta mata, ta ce in sake. Na sake. Ta ce iyakar abin da ya rubuta ke nan, bai ambaci kowa ba? Na ce iyakar abin da ka aiko ke nan. Sai ta juya fuskarta bango, ranar ko abincin rana ba ta taɓa ba. Ina jin kewar mahaifinta ce ta taso mata.

An sa bikin buɗe allon bayan wata huɗu. Na sauko da kujerar na wanke zanen, na shafa wa ƙafafun mai. Ka zo, Yaya. Ko ba don mu ba, ka zo ka ga rubutunka a jikin tagulla.

Ƙanwarka, Auta

*

Yaya Dogo,

Ina fata kana lafiya, tunda ba ni da hanyar sani. Mu dai muna nan. Gwaggo ta rage cin abinci, likita ya ce bai ga komai ba.

Wata biyu ke nan da na rubuto maka. Na je gidan waya sau biyar, har mai rarraba wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na koma na karanta wasiƙarka ta farko, sai yanzu na gane abin da kake nufi da kada a sa ka a cikin maganar. Ba kunya ba ce. Ba ka son abokan aikinka na can su ji an haɗa ka da ɗan garinmu mai titi ɗaya. In haka ne ka faɗa kawai, ba sai ka yi mana shiru ba. Mun san ba mu kai ba, amma a shagon nan ka koyi ƙirga da duwatsun sikeli.

Allon ya iso, yana ofishin Mai Kemis a naɗe cikin bargo. Kafinta ya gama katakon, ya kuma fara kwance kwanon rufin rumfarsa don kada katafila ta lalata. Mahaifiyarsa tana zama a ƙofa tana kallon kwanukan ana jera su, in na wuce sai ta gaishe ni kafin in gaishe ta.

Saura mako bakwai. In za ka zo ka ce, in ba za ka zo ba ka ce.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo da yara. Lafiyata lau. Wasiƙunki biyu suna kan teburina, ta farkon har ta yi laushi don buɗewa da rufewa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki karanta wannan a ɗakin malamai.

Da raina ku nake yi, da abin ya zo mini da sauƙi. Ƙarya na yi muku.

Bari in fara da ƙaramar. Ni ba ma'aikacin laburare ba ne irin wanda kuke zato. Karatun da na zo yi ban gama ba, a shekara ta biyu na faɗi, na sake na faɗi. Aikina ɗinkin tsofaffin littattafai ne, a wani ɗaki can ƙasa da ba shi da taga. Tukunyar gam, allura, zare, wuƙa, da wani ɗan ƙashi da ake goge takarda da shi. In shafi ya yage in haɗa shi yadda ba za a ga tabo ba. An ce na iya. Da wannan iyawar na cuce ku.

Shafin da na aiko, layi biyu na rufe a samansa. Na yanko 'yar takarda daga bayan wani tsohon littafi mai launi iri ɗaya, na ɗora, na ɗauki hoto a inji, na sake ɗaukar hoton hoton don inuwar gefen ta ɓace. Minti goma bai kai ba. Layin biyun cewa suke yi mai gidan mai gyaran fitila ne, kuma gidansa ɗaki biyu ne a tsallaken titi, daura da babban shago. Kakan Kafinta ke nan, Auta. Ba namu ba.

Ga abin da ke cikin shafi taran, na haɗo miki su duka da fassara, ba a rufe komai ba. Motar da ta ɗauko baƙon ta lalace a bakin gari ana ruwa, shi kuma zazzaɓi ya riga ya kama shi. Direba ya kawo shi gidan da ya fi girma a titin, mai shago da sikeli a gaba. Mai shagon ya ɗaga fitila ya dubi idonsa da ya yi rawaya, ya ce kaya za su iya kwana a shago, mutum ba zai shiga ba. Ya rufe ƙofa. Mai gyaran fitila ne ya fito ya ɗauke shi a kafaɗa. Da ya warke zai tafi, ya so ya bar wa mai masaukinsa kujerarsa ta ninkewa, ita kaɗai ce abin kirkin da yake da shi. Ya je karɓar kayansa, mai shagon ya ba shi komai ya riƙe kujerar, ya ce ladan ajiya ce. Ita kika wanke kika shafa wa mai.

Zan yi wa Kaka adalci, tunda baƙon ma ya yi masa. Ya rubuta cewa a shekarar ciwo yana ɗibar yara a yankin, mutumin kuma yana da shida a cikin gida, don haka bai riƙe shi da maganar ƙofa ba. Maganar kujera ce ya ce ta tsaya masa.

Akwai mutum ɗaya daga gidanmu da ya fita da mutunci a littafin. Wata yarinya 'yar mai shagon, mai tabo a girar hagu, kullum da rana sai ta tsallako da dafaffen ƙwai uku a ɓoye cikin ɗankwalinta. Rana ta biyar ta zo da shatin bulala a ƙafafunta, ta ajiye ƙwan ta koma. Washegari ta sake zuwa. Ki dubi girar Gwaggo. Da ta tambaye ki ko bai ambaci kowa ba, ta san abin da take tambaya.

Me ya sa na yi? Na faɗa wa kaina don ɗakin Gwaggo ne, tsohuwa mai ciwon gwiwa ba a tashe ta daga inda ta saba. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce babbar ba. Shekara goma sha ɗaya ban aiko muku da komai ba, ban zama komai ba. Rana ɗaya wasiƙa ta zo tana neman abin da ni kaɗai zan iya, na buɗe littafin, sai na tarar abin da zan aiko shi ne kakanmu ya rufe wa mara lafiya ƙofa. Na kasa. Na so sau ɗaya a ce Dogo ya yi amfani. Gidan Kafinta kuwa na ce a raina ai za a ba su wani wuri, na kashe fitilar teburin na tafi cin abinci.

Sai kika rubuto abin da ya ce yana naɗe tef. Tun ranar ban ɗinka littafi ɗaya daidai ba. Shugabar sashenmu ta dawo mini da uku, ta tambaya ko idona ne.

Na sa shafukan da bayanin abin da na yi a wata ambulan mai adireshin ofishin adana tarihi. Na ba abokin aikina, na ce ya jefa ta a akwatin gidan waya bayan kwana bakwai, ko na roƙe shi kada ya mayar mini. Ke nan kina da mako guda ki faɗa wa Gwaggo da bakinki kafin ta ji a titi. Na san ni ba a ƙarƙashin rufin nan nake kwana ba, na san mai yanke hukunci daga nesa ba shi ruwa zai daka ba. Duk abin da za ki kira ni, ki kira, na riga ki.

Yayanki, in har kin bar mini sunan

*

Yaya,

Ina gaishe ka don Gwaggo ta ce in gaishe ka. Tana lafiya, ta koma cin abinci. Yara lafiya. Ni ce dai ban san yadda nake ba.

Da na gama karanta wasiƙarka na zage ka, zagin da ban san na iya ba. Ka zauna a ɗakinka mara taga ka ba mu gida da almakashi, ka sake zama ka ƙwace shi da kan sarki, ba ka tambayi kowa ba duka biyun. Ni zan kalli Mai Kemis, ni zan kalli iyayen yaran da nake koya wa kada su yi satar amsa. Kwana uku na ɓoye takardun a ƙarƙashin littattafan maki.

Tunda ranar faɗin gaskiya ce, ga tawa. A rana ta huɗu na je gidan waya. Mai rarraba wasiƙu ɗalibina ne a da, na san in na ce ya ɓoye mini ambulan da ka aiko wa ofis in ta iso ba zai ƙi ba. Na shiga layi da maganar a bakina. Da na iso gabansa ya miƙe ya ce Malama me za a yi miki, sai na ji kaina ina cewa ya ba ni kan sarki ɗaya. Shi ne wannan da ke jikin wasiƙar. Kada ka zata na fi ka, layin ne ya yi tsawo har na sami lokacin jin kunya.

Da yamma na karanta wa Gwaggo shafi taran tun daga farko. Ba ta katse ni ba sai da na zo kan ƙwai. Nan ta yi dariya har da tari, ta ce huɗu take ɗaukowa, ɗaya take ci a hanya. Daga nan ta ba ni sauran. Ta ce bayan baƙon ya tafi Kaka ya rataye kujerar, masu saye suna tambaya, yana cewa wani baƙo ne ya bari. Shekara ta zagayo ya zama baƙonsa. Kafin ta yi aure ya zama baƙon da ya yi jinya da hannunsa, kuma tana ganin a ƙarshe shi kansa ya yarda da hakan. Mai Fitila bai taɓa musa masa ba, a shagon yake sayen kananzir. Ita kuma ubanta ne, ta yi shiru. Na ce mata kai ka jawo duk wannan. Ta ce, "Shi karantawa ya yi ya ɓoye wata huɗu. Ni da idona na gani na ɓoye shekara saba'in, kuma ta tagar nan na kalli ana shafa musu jan fenti. Bar yaron nan, ɗauko mini sandata."

Ba ta yarda a jira ofis ba, ba ta yarda a jira gari ya yi duhu ba. Washegari da hantsi, titi cike da mutane, ta sa na sauko da kujerar. Ita a gaba da sanda, ni a baya da kujera a ka kamar mai talla. Taku ashirin ne tsakanin ƙofofin biyu, mun yi kusan minti biyar. Mai shayi ya bar abin da yake yi, masu jiran mota duk suka juyo. Ban taɓa jin nauyin abu mara nauyi irin na ranar ba.

Mahaifiyar Kafinta tana zaune a ƙofa. Gwaggo ta sa na buɗe kujerar a gabanta, ta ce mata wannan ta surukinki ce, ta daɗe a wurinmu. Matar ta dubi kujerar ta dubi Gwaggo, ta ce to ai sai ki zauna a kai, gwiwarki. Gwaggo ta ƙi, ta zauna a dakali.

Kafinta ya sauko daga kan rumfa na miƙa masa takardun. Ya karanta a tsaye, harshe a cije. Yaya, wannan ne ban so in rubuta maka ba, amma ka ce ba a rufe layi. Ya ce tun suna yara kakarsu take ba su labarin baƙon da ya kwana a gadonsu, su kuma ba sa faɗa a waje, don kujera tana wancan gidan, wa zai saurare su. Da maganar allo ta taso ya yi niyyar zuwa gaban kwamiti. Sai ya ji kai ka fassara. Ya ce a ransa Dogo ba ya ƙarya, ashe tsufa ne ya ruɗa tsohuwar. Ya ce wannan ya fi kwance rufin yi masa ciwo, wata uku yana ganin kakarsa a matsayin mai ƙirƙirar labari.

Ambulan ɗinka ta isa ofis. An ɗage bikin, za a narkar da allon a sake zubawa. Mai Kemis ya karɓe littafin kwamiti daga hannuna a gaban kowa, ya ce dama shi tun farko jikinsa bai ba shi ba. Injiniyoyi sun dawo sun goge fentin can sun shafa a namu: shagon Kaka, falon gaba, da ɗakin Gwaggo. Ɗakuna uku na baya za su tsira. Za a fara rusau bayan wata biyu. Kafinta yana mayar da kwanukansa, wasu sun lanƙwashe, kuma sai ya rage katakon allon don bangonsa bai kai namu faɗi ba.

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni kuma ban tambaya ba. Abu ɗaya ya ce in faɗa maka. Yana son shafi taran cikin harshenmu, a rubuce da kyau da manyan baƙaƙe, a ɗinke kamar littafi, don ya riƙa karanta wa mahaifiyarsa. Ya ce tunda ashe sana'arka ce.

Gwaggo ta ce gadonta na ƙarfe ba ya fita ta ƙofa sai an kwance, kuma kai kaɗai ka taɓa kwance shi. Ta ce ba ta tambaya ko ka gama karatu ba.

Auta

*

Auta,

Na gode da gaisuwar, ko ta aro ce na karɓa. Ki gaida Gwaggo, ki ce kada kowa ya taɓa gadon, ƙusar kusurwar hagu a juye take shiga, in aka matsa mata za ta karye. Ki gaida mahaifiyar Kafinta. Shi kada ki gaishe shi a madadina, wannan aikina ne, a tsaye zan yi shi a ƙofar rumfarsa, in ya ga dama ya bar ni a tsayen.

Maganar almakashi da kan sarki gaskiyarki ce. Littafin kwamitin da aka karɓe a hannunki ma ni na jawo. In akwai zama kafin rusau, ki gaya wa Mai Kemis ina son minti biyar a ɗakin malaman nan, in faɗi abin da na yi da bakina, don a daina kallonki a kansa.

Na gama littafin jiya. Na rubuta da hannu, baƙaƙe manya, na ɗinke da zaren lilin, na yi masa koren bango. A inda baƙon ya ce ƙwai uku na bar shi uku, ban gyara masa ba. Na huɗun Gwaggo ta faɗa musu da kanta.

Na gaya wa shugabar sashenmu zan tafi gida. Ta buɗe fayil ɗina ta ce ba ta taɓa ganin ma'aikacin da bai ɗauki hutu ba sai ni, ta zata ba ni da kowa. 

Zan iso ranar sha takwas ga wata mai zuwa, motar yamma. Kada ki sa yara su zo tasha da tsammanin tsaraba, gara ki san abin da ke tafe tun yanzu. Shekara goma sha biyu ba wata biyu, ga abin da na iya tarawa: kwana arba'in da biyu na hutu. Tikiti ɗaya, na zuwa. Akwati ɗaya, rabinsa rigunan sanyi da ba za su yi amfani a can ba. Allura uku, wuƙa, da ƙashin goge takarda. Sai shafi tara a ɗinke, kowane layi a buɗe.

Yayanki, Dogo